Takarda Ta Biyar

"Malama, yau kuma rubutun ne ya gagare ki?"

Muryar Isom ce ta dawo da ni hayyacina.

Ina zaune a bakin barandar makarantarmu, ɗalibai sun watse, takardun kamu guda bakwai a cinyata. Huɗu na riga na karanta masa. Ta biyar ce a hannuna, tana kaɗawa alhali ko iska babu.

Pompey Barnett. Laifinsa, kisan kai.

Yayana ne... uwa ɗaya uba ɗaya!

"Tempie?"

"Na'am... rana ce ta kashe min ido."

Ya yi 'yar dariya, ya cire faffaɗar hularsa ya kare min ranar da ita. Tauraron azurfar da ke ƙirjinsa ya haska fuskata, na kawar da kai.

Isom Tolliver ɗan sandan kotun tarayya ne, cikin 'yan tsirarun baƙaƙen fata da aka bai wa tauraro aka ce su shiga ƙasar Indiyawa jajayen fata, 'yan asalin nahiyar, su kamo masu laifi. Ko harafi ɗaya bai iya ba. A gonar audugar da aka haife shi bawa, can Texas, duk bawan da aka gani da takarda bulala ce rabonsa. Amma Allah ya ba shi kai. Sau ɗaya za a karanta masa takarda ya haddace suna da laifi da inda mutumin yake. Sai ya ɗaure kowace da zare mai launi daban, don kada ya miƙa wa wani takardar wani.

Shekara biyu ni nake karanta masa. Da fari taimako ne, daga baya na lura ko babu takarda sai ya ƙirƙiro dalilin biyowa ta makaranta. Ni ma fa ban taɓa korarsa ba.

"To, wane ne mai rabon jan zare?" Ya zaro zaren daga aljihu yana murza shi.

Na buɗe baki, ƙarya ta fito da ƙafafunta.

"Wiley Stone. Satar dawaki. An ce yana kudu, wajen kogin Canadian."

Babu wani Wiley Stone a duniya. Kudu kuwa na zaɓa don Yaya Pomp yana arewa, hayin kogin Verdigris, ɓoye a tsohuwar bukkar mahaifinmu.

Isom ya daina murza zaren. Ya daɗe yana dubana.

"Wiley Stone," ya maimaita a hankali. "Ba ki tsallake komai ba, hasken idona?"

"Tsakanin ni da kai wa ya iya karatu?"

Har in mutu ba zan yafe wa bakina wannan maganar ba.

Na ga yadda ta sauka a fuskarsa. Ya karɓi takardar ya naɗe, ya ɗaure ta da jan zaren. Na karanta masa sauran biyun ban san me nake faɗa ba.

Da ya hau dokinsa sai ya juyo.

"In na dawo zan sake zuwa wajen Mama. Ko sau goma za ta kore ni, zan je na sha ɗaya."

"Allah ya tsare hanya."

"Haka kawai? Babu ɗan ƙari?"

"Ka dawo min lafiya, Isom..."

"Yauwa! Yanzu na ji magana."

Ya kaɗa linzami ya tafi. Na tsaya ina kallon bayansa har itatuwa suka rufe shi.

*

Mama na dama sofki, kunun masararmu, lokacin da na shiga. Kallo ɗaya ta yi min ta ajiye muciya.

"Ɗan jihar nan ne ya zo ko?"

Haka take kiransa. Mu 'yantattun bayin Indiyawa 'yan ƙabilar Creek ne, a ƙasar nan aka haife mu, muna da gona da suna da yare. Duk baƙar fatar da ya shigo daga jihohi, a wurin Mama baƙo ne marar asali, ko da taurari goma ya rataya. Bawa da bawa, amma sai ta ce tata bautar ta fi tasa daraja. Na sha gaya mata, na sha zagi.

Na zayyana mata komai.

Sati uku ke nan da Yaya Pomp ya kama wani farar fata ɗan tireda yana kora shanunmu cikin nasa. Suka yi cacar baki, mutumin ya fara zaro bindiga, Yaya ya riga shi harbi. Tunda mamacin farar fata ne, shari'ar ta fi ƙarfin alƙalan Creek, ta koma kotun tarayya. Kowa kuwa ya san katakon da ke kafe a bayan wannan kotun, da igiyoyin da ke reto a jikinsa.

Mama ta saurare ni har ƙarshe. Sai ta kamo fuskata da hannu biyu.

"Yau na tabbata ni na haife ki. Ɗan'uwa rabin jiki."

"Mama, amanarsa na ci!"

"Amanar wa? Mutumin da ke farautar 'yan'uwansa yana kai wa fararen fata su rataye?"

"Masu kisa yake kamawa, fari da baƙi. Wa ya kamo waɗanda suka ƙone rumbun su Anti Rhoda? Ba shi ba?"

"Rufe min baki! Ko mutumin kirki ne, miji ne wannan? Mai tauraro ai da akwatin gawarsa yake yawo. Nawa aka binne bana kaɗai? So kike ki yi takaba kafin ki yi goyo?"

A nan kam ba ta yi ƙarya ba.

"Ga Elzy Durant nan, ɗan gida, jirgin fitonsa nasa, shanunsa nasa, shekara uku yana bin ki kina yi masa kallon banza."

"Ba na son sa."

"So? So ake zubawa a tukunya?"

Ta koma kan muciyarta. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga cikina ranar.

*

Washegari da hantsi na ɗaure burodin masara da busasshen nama a ƙyalle, na hau alfadarinmu. Duk bayan kwana uku nake kai wa Yaya abinci. An yi ruwa a arewa, Verdigris ya ciko ya yi ja, yana tafe da rassan itatuwa.

Elzy na zaune a kan jirginsa yana fiƙe ƙaramin itace da wuƙa. Kyakkyawa ne, ban hana shi ba, amma murmushinsa bai taɓa kaiwa idonsa ba.

"A'a, Malama da kanta! Ina zuwa da sassafe haka?"

"Haye da ni, Elzy, sauri nake."

"Kowa sauri yake yau. Angonki ma da sauri ya haye."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi.

"Wa?"

"Mai tauraro mana. Bai fi awa ɗaya ba."

"Ƙarya kake! Kudu ya nufa."

"To, sai dai in kogin ne ya juya. Da hannuna na ja masa igiya, ya ɗauki hanyar tsohuwar gonarku."

Me zai kai shi arewa? Ta yiwu ɗaya daga cikin sauran takardun ne... ta yiwu ya biya ne kawai ya gai da Yaya, ya tambaye shi ko ya taɓa jin labarin Wiley Stone. Zai tunkari ƙofar nan da fara'arsa, bai san komai ba.

Elzy ya hure ɓawon itacen daga wuƙarsa.

"Kada ki damu, Pomp ba zai yi mamaki ba. Tun shekaranjiya wani ɗan sanda da na haye da shi ya tsegunta min takardar waye a jakar Tolliver. Jiya na je da kaina na sanar da shi."

"Me ka ce masa?"

"Gaskiya mana. Na ce surukinka na tafe da igiyar wuyanka a aljihu, kuma ba ya komawa hannu sake. Na bar masa harsasai ma, ka san zumunci."

"Allah ya isa, Elzy!"

"Ni? Ni na ceci ran yayanki! Mama ma godiya za ta yi min."

"Kwance jirgin nan!"

Ya miƙe, ya ɗora ƙafa a kan sarƙar.

"Ba zan kai matar da zan aura tsakiyar harsasai ba. Zauna nan, Tempie. Kafin rana ta take an gama, kowa ya huta."

Ban sake kallonsa ba. Na juya alfadarin na gangara ƙasa, inda ake ƙetarewa da ƙafa lokacin rani.

"Ke mahaukaciya ce? Ruwan nan zai cinye ki!"

Na zaburi alfadarin muka faɗa ruwan.

Ruwa ya kai min ƙugu, ya kai ƙirji. Ƙunshin abincin ya tafi. Wani reshe ya daki ƙafata har na ga wuta. Alfadarin nan da kullum nake zagi saboda taurin kai, ranar taurin kansa ne ya fitar da mu. Muka hau gaɓa can ƙasa, ina tari ina kuka ina dukansa.

Mil huɗu ne zuwa bukkar. Duk hanyar abu ɗaya nake faɗa.

"Allah ka sa in riga shi... Allah ka sa in riga shi..."

Dajin ya yi tsit. Ko tsuntsu ban ji ba, sai shaho ɗaya da ke ta kewaya sama. Ga sawun dokinsa nan sabo a laka, ina bi.

Na hango bishiyoyin pikan na gonarmu ke nan na ji ta.

Tau!

Ƙara ɗaya. Na jira ta biyu, ba ta zo ba.

*

Dokinsa na fara gani, ɗaure a jikin shinge nesa da bukkar. Ɗamarar bindigoginsa biyu na rataye a kan sirdi. Doguwar bindigar ma tana cikin kubenta.

Isom na zaune a ƙasa, ya jingina da bakin rijiya. Yaya Pomp na durƙushe a gabansa, ya danna rigarsa a cikin Isom da hannu biyu, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa.

"Tempie! Wallahi ban sani ba! Hannu ya sa a aljihu, na ɗauka bindiga ce... babu komai a jikinsa, Tempie, babu komai!"

Na zube a gefensa na tallabo kansa.

"Isom! Isom, dube ni!"

Ya buɗe ido. Har da murmushi.

"Malama... wanka kika yi da kaya?"

"Ka yafe min! Ƙarya na yi maka, babu wani Wiley Stone, takardar..."

"Na sani."

Na tsaya.

"Tun a kotu na sani."

"Ta yaya? Wa ya karanta maka?"

Ya yi ƙoƙarin kai hannu aljihun rigarsa, ya kasa. Na sa nawa. Takardu biyu na zaro, mai jan zare da wata tsohuwa da ta sha naɗi har ta yi laushi. Na buɗe ta.

Rubutun fensir ne, manyan haruffa karkatattu, irin na ɗalibaina 'yan shekara shida. Daga sama har ƙasa, gaba da baya, abu ɗaya ne.

Tempie Barnett. Tempie Barnett. Tempie Barnett.

"Wani fursuna ya koya min a hanya," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Wata biyar ina fama. So nake ranar aurenmu in gani da idona a littafin coci... kada Mama ta musanya min amarya."

Dariya ta kufce min tare da kuka.

"Sunanki kaɗai na iya a duniya. Da magatakarda ya baza takardun a tebur, sai na ga rabin sunanki a kan ɗaya. Yayanki kuwa ɗaya ne."

"Me ya sa ka ɗauka? Me ya sa ba ka bar wa wani ba?"

"Wanda zai ɗauka in na bari, gawa yake kawowa, ba ya wahalar ciyar da fursuna. Ni kuwa na samo mutum biyu da suka ga ɗan tiredan ya fara zaro bindiga. Da ya bi ni da ƙafarsa, 'yan shekaru zai yi a kurkuku ya dawo."

Yaya Pomp ya saki wani irin ihu, ya kifa goshinsa a ƙasa.

"To me ya sa ba ka faɗa min ba?" Na girgiza shi. "Me ya sa ka bar ni na yi ta zuba?"

"Ban san ta inda zan fara ba. Na ce in kin karanta, sai mu taho tare... in ya gan ki a gefena ba zai harba ba."

Wayyo Allah!

"Da na ga hannunki na rawa, kika kira wani suna, sai na ce kai Isom, kada ka sa yarinyar nan zaɓe tsakanin jininta da kai. Je ka kai kaɗai."

Kalma biyu kawai ya nema a bakina jiya. Da na faɗe su, da yanzu muna tafe mu uku a hanya, ana faɗa ana shiryawa. Na hana shi, har na gora masa rashin karatu.

"Yaya, kawo doki! Mu kai shi wajen likita!"

"Bari, Pomp." Ya riƙe hannun Yaya. "Na ga irin wannan raunin a jikin mutane da yawa. Ba inda za ni."

"Kada ka ce haka, masoyina, don Allah..."

"Tempie, ki yi min abu ɗaya."

"Faɗi, ko mene ne!"

"Karanta min ita. Daidai."

"Isom..."

"Shekara shida ban taɓa mayar da takarda ba a karanta wa mai ita ba. Kada ta ƙarshe ta ɓata min suna."

Na dubi Yaya. Ya ɗago, fuskarsa duk ƙasa da hawaye. Ya daɗe yana kallon mutumin da ya harba. Sai ya tashi ya nufi dokin. Na ɗauka guduwa zai yi, wallahi da ban hana shi ba. Ya wuce bindigogin, ya buɗe jakar sirdi, ya ɗauko ankwa. Ya dawo ya durƙusa, ya sa wa kansa.

"Karanta, ƙanwata."

Na kwance jan zaren. Kan Isom na kan cinyata, hannunsa cikin nawa.

Na karanta sunan kotu. Na karanta kwanan wata. Na kira sunan yayana da ƙarfi, Pompey Barnett, na ji Isom ya ɗan matse yatsuna. Na karanta laifin, na karanta umarnin, ban tsallake ko ɗigo ba, har sa hannun da ke ƙasa.

"Na gama, Isom. Ka ji? Daidai na karanta."

Bai amsa ba.

Ban san a layi na nawa ya daina saurare ba.

*

Yaya Pomp da kansa ya ja dokin da ke ɗauke da gawar, da ankwa a hannunsa, kwana uku muna tafiya har ƙofar kotu. Shaidun nan biyu sun zo, sun wanke shi daga kisan ɗan tireda. Kisan mai tauraro kuwa ba shi da shaidar da za ta wanke shi, shi ma bai nema ba. Farkon bazara aka rataye shi.

Mama ba ta sake cewa ɗan jiha ba. Ita ta ce a binne Isom a gonarmu, kusa da mahaifinmu. Bayan wata shida Elzy ya zo da sabuwar riga da hularsa a hannu. Ban ma fito ba, ta taga na ji Mama ta kore shi da muciya.

Yau shekara talatin da ɗaya. Ban yi aure ba, kuma masu tambayata dalili sun gaji sun bari. Ran Asabar ina koyar da manya, tsofaffin bayi masu furfura da hannuwa kamar itace. Wasu malamai da baƙaƙe suke farawa. Ni a ranar farko nakan tambayi kowa sunan wanda ya fi so a duniya, in rubuta masa a allo, daga nan mu tashi.

Takardarsa tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, ɗaure da jan zaren. Sau sittin da huɗu ya rubuta sunana. A na ƙarshe ne kawai bai juya harafi ko ɗaya ba.